Kwanan Baƙunta

Akwai gaisuwar da Bahaushe ke yi wa mutum sau ɗaya ko biyu, daga nan ya ajiye ta. In baƙo ya sauka a gidanka da yamma, gari na wayewa sai ka tsaya a bakin ɗakinsa ka ce: ina kwanan baƙunta? Ka san daren farko a ƙarƙashin rufin wani daban yake. Shimfiɗar ba tasa ba ce, bai san inda aka ajiye buta ba, bai san muryar ladanin unguwar ba, kuma ko ƙishi ya tashe shi kunya ba za ta bar shi ya buga ƙofa ba. Duk wannan yana cikin gaisuwar. Sannan tana da wa'adi. Ba a yi wa mutum ita har wata guda. In an kwana biyu, an kwana uku, sai a ce masa ai ka zama ɗan gida, a nuna masa randa ya riƙa ɗiban ruwa da kansa.

Kalmar baƙo ta daɗe tana hana ni sakat, kuma Abuja ce ta jawo mini. Mun shimfiɗa wa kalmar nan tabarma a wurare da yawa. In mace ta sauka lafiya sai a aika cewa an yi baƙo, ko an yi baƙuwa. Watan azumi babban baƙo ne, ana share masa gida tun Sha'aban. Ƙyanda ma, da iyaye mata ke shakkar kiran sunanta, baƙon dauro ce, ana lallaɓa ta har ta wuce. A waƙoƙin rakiyar amarya mata kan tuna wa yarinya cewa gidan da za ta shiga baƙunta za ta fara yi a cikinsa, ta riƙe bakinta, ta buɗe idonta. Masu waƙen wa'azi kuwa gaba ɗayanmu suka haɗa, suka ce duniyar ma zango ce. A ko'ina ka duba, akwai wani a tsaye yana jiran baƙon: ungozoma, mai azumi, uwar miji, mai gida. Mutumin da ya iso gari babu mai karɓar kayansa matafiyi ne kurum. Sai an ce masa maraba yake zama baƙo.

To, wa ke cewa maraba a Abuja?

Sunan garin ma baƙunta yake yi. A farkon ƙarni na 19 jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa cikin ƙasar Gbagyi da Koro. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Da gwamnatin Murtala Muhammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta kafa dokar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, sai aka ɗauke sunan aka ba birnin da ba a gina ba tukuna, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kamfanonin Amurka suka zana taswirar, Kenzo Tange ɗan Japan ya tsara tsakiyar birnin, Jamusawan Julius Berger suka zuba kwalta da kankare, har sansanin ma'aikatansu ya bar wa unguwar Life Camp suna. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. An zaɓi wurin ne don kada wata babbar ƙabila ta ce nata ne, kuma niyya ce mai kyau. Sai dai garin da ba na kowa ba, samun mai masauki a cikinsa aiki ne. Masu ƙasar na asali, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, an tashi da yawansu, wasu Kubwa, wasu Sabon Wuse, aka bar sunayen ƙauyukansu a jikin allunan titi: Maitama, Wuse, Jabi, Garki, Utako. Mu sauran kuwa, duk wanda ya ga titunan Abuja ranar Sallah ko Kirsimeti ya san inda zuciyarmu take. Kowa ya tafi gida.

Cikin wannan gari ne wani irin baƙo ke sauka daga jirgi a filin Nnamdi Azikiwe. Ma'aikacin ofishin jakadanci ne, ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, ko na ƙungiyar agaji, ko malamar makaranta, ko injiniya, ko matar ɗayansu da ta ajiye aikinta ta biyo miji. Ba duka ne fararen fata ba. Akwai ɗan Indiya, akwai ɗan Kenya, akwai ɗan Gana da ke aiki a sakatariyar ECOWAS a Asokoro, akwai baƙar fatar Amurka da ake ɗauka ɗan ƙasa ne sai ya buɗe baki. Abin da ya haɗa su shi ne Ingilishi, kuma harshen nasu ya riga su isowa da fiye da shekara ɗari. Allon filin jirgi da shi aka rubuta. Takardar izinin zama da shi za a cike. Likita, ma'aikacin banki, ɗan sanda a shingen hanya, mai gyaran janareto, kowa zai amsa masa da harshen da uwarsa ko makarantarsa ta ba shi. In an kai shi Maitama zai tarar da tituna masu sunayen kogunan duniya, Nilu da Amazon da Misisipi, wataƙila har da kogin garinsu.

Duk mai hankali zai ce wannan gata ne, kuma gata ne ɗin. Amma ni ina ganin akwai abin da gatan ke ƙwace masa.

Ka tuna Bahaushen da ya fara sauka a Kumasi da shanu, ko a Jidda, ko yanzu a Guwanzu wajen sarin kaya. Kwanakinsa na farko bebe ne. Da hannu yake nuna abin da yake so, yara na masa dariya, ya ci abin da bai yi niyya ba saboda bai san sunan wanda yake so ba. Wannan bebantaka tana da zafi, amma ita ke sa wani ya tausaya ya ja hannunsa, ita ke tilasta masa ya saurara. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Makahon da ya san bai gani yakan nemi ɗan jagora, kuma tsakaninsa da ɗan jagoran nan ake ƙulla zumuncin farko. Mai Ingilishi a Abuja ba ya jin makantarsa. Yana karanta jarida, yana fahimtar jawabin minista, yana hira da direbansa, sai ya ɗauka garin ya buɗe masa. Alhali a ƙarƙashin Ingilishin ofis akwai wata Abuja da ke magana da Hausa da Gbagyi da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka, wadda ke tasowa tun asuba daga Nyanya da Mararraba da Kubwa da Lugbe da Mpape, ta yi wa birnin shara da girki da gadi da tuƙi, ta koma kafin dare ya yi nisa. Da ita ake zolaya, da ita ake ta'aziyya, da ita ake faɗin abin da ba a so oga ya ji. Matambayi ba ya ɓata, amma sai wanda ya san akwai abin tambaya.

Mu tsaya a bakin wani get a Maitama da hantsi. Maigadi na zaune a kan benci, ɗan kurfotinsa da gawayi a gefe, shayi na tafasa a ƙaramar buta, rediyo na rataye a jikin ƙarfen taga. Sau da yawa mutumin Nijar ne, daga wajen Tawa ko Maraɗi, wani lokaci Buzu mai rawani. Shi ma iyaka ya ƙetaro. Shi ma ya bar mata da 'ya'ya, yana lissafin watannin da suka rage, yana aika kuɗi gida. In gaskiya za a bi, shi da mai gidan da yake wa gadi duk ci-rani suka zo. Ɗaya ana kiransa ƙwararre, an haɗa masa da gida da mota da alawus na wahalar zama a ƙasar waje, ɗayan kuwa ɗan ci-rani, da tabarma da bargo. Mota ta yi ham, maigadi ya miƙe ya ja ƙofa.

"Sannu da fitowa, ranka ya daɗe."

Yawanci hannu ake ɗaga masa ta bayan gilashi. Amma wani yakan sauke gilashin ya ce, da lafazinsa mai nauyi, "Ina kwana, Malam." Ka dubi fuskar maigadi a lokacin. "Lafiya lau! Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Ina aiki? Yaya Madam? Yaya yara? Yaya sanyi?" A nan guzurin Baturen ke ƙarewa, ya tsaya yana lalube, su duka biyu su fashe da dariya, maigadi ya faɗa masa amsar ya maimaita. A duk yinin mutumin nan, da taronsa da rahotanninsa, wannan rabin minti ne kaɗai ya zama ɗalibi a hannun wanda yake biya albashi. Ina ganin a nan ne kawai ya ɗanɗani baƙunta irin wadda muka sani, wadda ake shiga da kunya a fita da aboki.

Shi maigadin kafin wata shida ya san mai shayin lungun, ya san mai kayan miya, ya san wane masallaci ake fara tayar da salla, ya san wanda zai ranta masa kuɗi in an bugo waya daga gida. Mai gidan zai iya cika shekara uku bai taka ƙarshen layinsu da ƙafa ba.

Ba na ɗora masa laifin duka, don na san abin da ya gina katangar. Ranar 26 ga Agusta 2011 aka kutsa da mota mai bam cikin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da mutum 20 suka mutu. A Afrilu 2014 tashar Nyanya ta ga nata tashin hankalin, kuma talakawa ne suka kwanta a wurin. A Oktoba 2022 Amurka ta umarci iyalan ma'aikatanta su bar Abuja. Bayan kowane irin wannan, ma'aikatu sukan ƙara wa mutanensu dokoki: ga unguwar da za a je, ga wadda ba za a je ba, kada a hau motar haya, kada a bi hanyar Kaduna, a kasance a gida kafin ƙarfe kaza. Mutumin da ke da yara ƙanana a ƙasar da ba tasa ba, in ya bi waɗannan dokoki ba za a ce masa matsoraci ba. Sannan birnin kansa don mota aka tsara shi. Tituna masu faɗi, gidaje a bayan doguwar katanga da waya mai kaifi, an hana acaɓa shiga tsakiyar gari tun 2006. Abin da ya fi damuna shi ne Abuja ba ta da zaure. Babu dakali a ƙofar gida, babu inuwar da dattawa ke zama har mai wucewa ya yi sallama a ce masa bisimilla. Zaure shi ne wurin da gida ke haɗuwa da duniya, inda wanda ba a sani ba zai zauna ya sha ruwa kafin a tambaye shi daga ina. An maye gurbinsa da ɗakin maigadi da littafin sa hannu.

Garuruwanmu na da ba su bar baƙunta ga sa'a ba, sun yi mata tsari. Akwai zango da sarkinsa. Akwai fatoma, wanda zai sauke fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya musu in rigima ta taso. A Kano har yau akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan farko da aka yi wa wannan suna Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, waɗanda suka zauna suka yi aure har jikokinsu suka zama Kanawa. Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, Hausa yake ji, kuma a hannun masu masauki ya rayu. Hanns Vischer da ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, sunan da Kanawa suka laƙaba masa, Ɗan Hausa, shi ya rage a jikin gidansa har yau. Laƙabi shaida ce cewa an kalli mutum da kyau. Baturen Abuja na yau sau da yawa yakan zo ya tafi sunansa Oga, ko Madam, ko Oyibo in yara ne suka hango shi.

Mu kuma bai kamata mu yi mamaki ba in mun ga baƙin nan sun taru a junansu ranar Asabar, a bakin tafkin Jabi ko a farfajiyar wani gida, suna gasa nama irin nasu, suna hirar makarantar yara da farashin dizal da wanda zai tafi hutu ya taho musu da cuku. Me muke yi a Sabo ta Ibadan, da Zangon Kumasi, da Nima ta Ankara? Mu ma katangar harshe muke ginawa mu zauna a ciki, mu dama furarmu, mu naɗa sarkinmu. Kewar gida ba ta san launin fata ba. Wadda na fi tausayawa ita ce matar da ta biyo miji. Shi yana da ofis da abokan aiki. Ita tana da gida mai ɗakuna da yawa, da ƙarar janareto, da kuku da mai shara da ke ce mata Madam, ba ta da wadda za ta leƙa wa ta katanga ta ce ara mini gishiri.

Irin waɗannan matan ne, a lurata, suka fi saurin fasa katangar, kuma kasuwa ce ƙofarsu. A kasuwar Wuse, tun daga wurin ajiye motoci yara masu baro ke rufe baƙuwa. Farashi yakan tashi da zarar an hango ta, kuma kowa ya sani. Wata takan biya abin da aka faɗa ta wuce, ta bar mai kaya da riba amma ba ta bar masa hira ba. Wata takan ɗaure fuska ta ɗauka kowa ɓarawo ne. Amma na sha ganin wadda ta gane cewa ciniki gaisuwa ce mai tsawo. Ta tsuguna gaban tiren tumatir, ta ɗaga ɗaya ta juya shi.

"Nawa, Baba?"

Ya faɗa.

"Kai, ya yi tsada. Rage mini."

"A'a! Hajiya, ashe kina jin Hausa? To nawa za ki ba da?"

Ta taya, ya ce albarka, ta ƙara kaɗan, ya ce ya sallama, ya ɗebo attaruhu ya zuba mata gyara. Daga ranar ta tashi daga Madam ta koma Hajiya, ta zama kwastomarsa. In ta yi tafiya ya tambayi direbanta ko lafiya. In ta dawo ya ce kwana biyu. Kalmomin da ta kashe ba su kai goma ba.

Tsohuwar Abuja ta taɓa yin wani baƙo da nake yawan tunawa. Michael Cardew maginin tukwane ne ɗan Ingila, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko shi a 1950 don ya kawo wa ƙasar nan ginin tukwane na zamani. Ma'aikacin masu mulki ne, ban manta ba, kuma koyarwa aka turo shi. Amma a fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata mata Bagbagyiya daga Kwali, ya gane cewa akwai abin da aka riga shi sani a nan. Ya kafa cibiyarsa a Abuja, matar nan, Ladi Kwali, ta shigo a 1954, mace ta farko a wurin. Ya nuna mata injin juya yumɓu da ruwan ƙyalli da tanda mai tsananin zafi. Ita kuma ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana zagaya su da ƙafa, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi da kada. Ya zauna har 1965. Yana da sarki mai masauki, yana da shekaru masu yawa, kuma aikinsa na laka ne, wanda dole a zauna a ƙasa tare a yi shi. Tun kafin ya tafi aka nuna tukwanenta a Landan, ta je Ingila ta gina tulu a gaban jama'a, daga baya kuma a 1972 suka zaga Amurka tare. A can ita ce baƙuwa, shi ne ɗan jagora. Haka baƙunta take in ta cika, bashi ne mai juyawa. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20, kuma Kwali ɗin tana cikin yankin babban birnin.

Baƙin yanzu ba a ba su wannan tsawon lokaci. Shekara biyu, uku, sai a ɗaga su zuwa Nairobi ko Dakar. An ce baƙo raɓa ne, to waɗannan tun ranar saukarsu an rubuta ranar tashinsu, kuma mutum ba ya son dasa abin da ba zai ga 'ya'yansa ba. In lokaci ya yi sai a sayar da firji da kekunan yara ga wanda ya zo sabo, a rubuta wa kuku takardar shaida ya nemi wani gidan. Kukun nan da direba da mai reno su ne suka san tarihin gidan, su ke tuna wa ya fi son yaji, ɗan wa ya fara tafiya a wane falo. Yaran kuwa sukan tafi da Buroka a bakinsu da 'yan kalmomin Hausa da suka tsinta a wurin maigadi, abin da iyayensu ba su samu ba.

Mu da ke aiki a ofis ɗaya da baƙin nan, mu da ke maƙwabtaka da su a Wuse da Jabi, mu nawa muka taɓa cewa gobe ana suna a gidanmu, ka zo? Muna faɗin baƙonka annabinka, amma a Abuja kowannenmu ya ɗauka shi ma baƙo ne, saukar wani ba ta hau kansa ba. Wani maƙwabcinmu ya gwada a wata Babbar Sallah da bai samu tafiya gida ba. Ya zuba soyayyen nama a kwano ya ba ɗansa ya kai gidan Baturen da ke kallonsu. Baturen ya fito ya karɓa, ya tsaya riƙe da kwano bai san abin yi ba: biya ake yi, ko mayarwa, ko me? Sai ya juya ga maigadinsa. Maigadi ya ce masa a juye naman a wanke kwanon, a ba yaro tukwici, in an yi la'asar kuma ya saka riga mai kyau su tsallaka tare ya ce barka da Sallah. Da la'asar suka tsallako, maigadi a gaba, mai gidan a baya yana ta maimaita kalmomin uku kada su ɓace masa. Aka shimfiɗa musu darduma a farfajiya, suka zauna har aka kira magariba.